Shaidun Malam Feshi

Malam Feshi ya zura kai da kafaɗa ɗaya ƙarƙashin wurin wanke-wanke, gwiwoyinsa a kan siminti, kofi a hannun dama, guntun kwali a tsakanin haƙora. Ya sa hannun hagu ya ɗaga tsohon bokitin da ke lungun a hankali. Kyankyasai uku ne a ƙarƙashi. Kafin ya kifa kofin babu ko ɗaya, sai bututun ruwa da ya gaisa da goshinsa.

"Nawa ke nan?" matarsa ta tambaya daga ƙofar kicin, riƙe da butar shayi.

Ya cire kwalin daga baki, ya dubi kwalbar da ke gefensa. "Huɗu."

"Tun da ka dawo daga masallaci? Huɗu?"

"Gudu gare su."

"Au, yau ka sani."

Goma yake nema, kuma kafin ƙarfe goma.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a unguwa. Shekara ashirin ke nan yana goya tankin feshi, yana bin shaguna da gidajen mutane yana raba su da ƙwari, har yara da manya suka koma kiransa Malam Feshi, shi ma ya koma amsawa. A jikin akwatin da ke bayan babur ɗinsa an rubuta da jan fenti: IN NA SHIGA, SU FITA. Shi ya ƙirƙiro maganar da kansa, kuma yana ji da ita fiye da yadda yake ji da babur ɗin.

To jiya ne aka taɓa masa wannan suna. Hajiya mai gidan burodi, wadda shekara goma sha huɗu yake yi wa feshi duk farkon wata, ta aika ya zo. Ya tarar da ita tsaye a ɗakin kwaɓi, fuska ba walwala, ma'aikata sun yi cirko-cirko. Dogo, shugaban matoya, ya ja ƙofar wani kabad da ke bayan tanda. Kwana uku kacal da feshi, amma ga su nan, manya da ƙanana, kowa na harkar gabansa, ko ɗaga kai ba su yi ba.

"Ruwa yake fesa mana," in ji Dogo, a gaban kowa. "Surka maganin yake yi."

Hajiya ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ta ce duba-gari sun zo sun bar takarda, mako ɗaya suka ba ta ko su rufe wurin. Ta ce ya dawo washegari ƙarfe goma ya yi mata bayani. In bayanin bai zauna ba za ta nemi wani, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili ba za ta ɓoye masa ba. Malam Feshi ya san abin da wannan ke nufi. Mai otal, mai kantin magani, tela, mai makarantar yara, duk ta hannun Hajiya suka san shi. In ta ce ba shi da amana, ya gama aiki a layin nan, shi da ko ɗigo bai taɓa ragewa ba.

Da ya dawo gida da yamma ko abinci ya kasa ci. Yayarsa ce ta tsare shi a tsakar gida. Tsohuwar malamar kimiyya ce, ta yi ritaya, tana zaune a ɗakin gaba tun rasuwar mijinta, kuma har gobe in mutum ya yi magana sai ta gyara masa. Ya haura hamsin, amma a bakinta Auta ne. Matarsa kuwa, da jikoki biyu, har yanzu Amarya ce.

"Yaya, ni na rasa gane kan abin nan," ya ce bayan ya kwashe mata labari. "Magani ɗaya nake amfani da shi tun farko, awo ɗaya. Da can in na fesa, da tsintsiya ake kwashe su. Ko sun saba da shi ne?"

"Ba su saba ba." Ta sauke tabarau kan hanci. "Shekara talatin ina gyara wa ɗalibai wannan kalmar. Wanda magani ya kashe, yaushe ya samu lokacin sabawa? Mu nawa Inna ta haifa?"

"Bakwai."

"Akwai biyu iri ɗaya? Kai ruwan sama ya taɓa ka sai ka kwana uku kana atishawa, ni kuwa ko a jikina. To haka kowace halitta take, har kyankyaso. Ranar da ka fara feshi a wurin nan, a ce su dubu ne. Ka kashe duka sai uku. Ukun nan ba wayo suka yi ba, ba koyo suka yi ba. Haka aka halicce su, jikinsu yana iya da gubar. To su wa suka rage su haihu?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Mace ɗaya ƙwai talatin take ɗauka a jaka guda. Wata biyu ko uku, 'ya'yan sun isa haihuwa, kuma da yawansu sun gado iyayensu. Wata ya kama, ka dawo da maganinka ɗaya tilo, ka share musu raunana, ka bar musu fili da abinci. Shekara goma sha huɗu kana wannan hidima, Auta. Ai su ya kamata su aiko maka da godiya."

"Yaya, ana maganar mutuncina kina wasa. Wa zai yarda da wannan? Dogo bai zauna a ajinki ba."

"Ba sai ya yarda da ni ba. Kai masa shaidu. Samo waɗanda kakanninsu ba su taɓa jin warin maganinka ba, ka fesa musu a gabansa tare da na gidan burodi."

"A ina zan samo su? Duk unguwar nan ni ke fesawa."

Yaya ta nuna ƙofar kicin da baki. Amarya, wadda ke kwashe kwanoni, ta yi dariyar da sai da ta zauna a kan turmi.

Abin da ya durƙusar da shi da sassafe ke nan. Yanzu ga shi ƙarfe takwas ta gota, goshi ya kumbura, kwalba na da huɗu.

"Matsa," in ji Amarya. Ta ajiye butar, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta karɓi kofin. "Ba a bin su ta baya. Gabansu ake tarewa. Ɗaga buhun gawayin can, ka tsaya nesa."

Ya ɗaga. Wani abu ya gilma, kofi ya sauka. Ta zura kwalin ƙarƙashi, ta juye a kwalba. Biyar. Ta sa ya ja durowar cokula, shida. Bayan firji, bakwai da takwas a kifawa ɗaya. Yana tsaye yana kallonta da mamaki, mace mai kukan ciwon gwiwa kullum, ga ta tana juyi kamar 'yar shekara ashirin.

"Shekara goma sha shida nake fama da su da silifa," ta ce tana haki. "Kuma wallahi da ba haka suke ba. Farkon tarewarmu a gidan nan, ina tafiya nake taka su. Yanzu kafin ka cire takalmi sun kai ɗakin Yaya."

Yaya, da ke zaune a ƙofa da kofin shayinta, ta ɗago ta dube ta ta saman tabarau. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kuma ta kurɓi shayi.

Da suka cika goma, Malam Feshi ya huda murfin da ƙusa don su sha iska, ya naɗe kwalbar da tsohuwar riga, ya cusa ta can ƙasan akwatin babur.

"Me za ka ce in an tambaye ka daga ina?" Amarya ta tambaya.

"Daga wani gida."

"Allah ya ba da sa'a, Baban yara. Ka gaishe da mutanen wani gidan."

Tankinsa da magungunansa ba sa kwana a gida. Wani ɗan shago yake ajiye su a bakin titi. Ya biya ya ɗauki tankin, ya wanke shi sau uku, ya ɗauki sabuwar gorar magani wadda ba a fasa hatiminta ba. Duk hanyar gidan burodi addu'a ɗaya yake yi, Allah ya sa a gama ba tare da ya fito da kwalbar nan ba.

Ƙanshin burodin safe ne ya tarbe shi tun daga kwana. Ana ta loda kwanduna a mota. Hajiya na zaune a ofishinta mai taga biyu, ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tanda.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, Malam. Me ya samu goshinka?"

"Aiki ne, ranki ya daɗe." Ya gyara hula. "Ban zo da dogon bayani ba. Alfarma ɗaya nake nema. A ba ni baho biyu da tsohuwar rariya, mu fita bayan gida nesa da fulawa. Kuma Dogo ya kamo mini goma daga cikin na kabad ɗin nan."

Ya yi zaton kamun zai ɗauki lokaci, ganin abin da ya sha da safe. Ina. Dogo ya shiga da gwangwani, bai yi minti biyu ba ya fito. Na gidan burodi ba sa gudu. Ƙosassu ne, masu sheƙi, suna tafiya a cikin baho kamar masu duba filin da za su saya.

Ma'aikata suka bar abin da suke yi suka taru a ƙofar baya. Malam Feshi ya miƙa wa Hajiya gorar, ta juya ta, ta duba hatimi da kwanan wata. Ya ce Dogo ya fasa da hannunsa, ya karanta awon da ke jiki, ya auna, ya zuba a tanki, ya zuba ruwan shi ma da kansa. Dogo ya yi duk wannan yana taɓe baki, har ya ɗan ƙara maganin ya wuce layi. Malam Feshi ya gani, ya kawar da kai.

Ya sa takunkumi da safar hannu, ya ce kowa ya koma bayan iska. Ya fesa ta cikin rariya har sai da bayansu ya jiƙe. Aka tsaya ana kallo.

Minti biyar. Minti goma. Biyu suka kife suna harba ƙafa. Sauran takwas suka tsaya suna goge gashin bakinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan suka ci gaba da zagaye. Wani ma ya hau kan ɗan'uwansa da ya kife ya wuce.

Malam Feshi ya sauke ajiyar zuciya. "Hajiya, kin gani. Hannun Dogo ne ya haɗa, ba nawa ba."

Hajiya ta gyaɗa kai a hankali. Amma Dogo ba mutumin da ake kayarwa sau ɗaya ba ne.

"To ai magana ta fito," ya ce yana karkaɗe fulawa daga hannu. "Ba surkawa yake yi ba, jabu yake sayowa. Hatimi wuya ne? Ruwan kala ne a gora."

Ma'aikata suka ɗauki ƙus-ƙus. Hajiya ta juyo ta dubi Malam Feshi, kuma kallon irin na jiya ne.

Ya tsaya jim. Sannan ya taka zuwa babur, ya buɗe akwatin nan mai jan rubutu, ya warware tsohuwar riga. Ya juye kwalbar a baho na biyu. Ba don Dogo ya yi saurin kifa rariya ba, da babu wanda zai sake ganinsu. Ramammu ne, ƙanana, suna kewaya bahon kamar an kunna musu wuta.

"Kai, waɗannan 'yan tsere ne," in ji wata mai naɗe burodi.

"Tanki ɗaya ne, ban taɓa shi ba," in ji Malam Feshi. "Dogo, karɓi takunkumi. Kai za ka fesa."

Dogo ya fesa. Ba a yi minti uku ba gudu ya koma tangaɗi. Kafin Hajiya ta gama amsa wayar da ta shigo mata, duk goman sun kife, ƙafafu sama. A baho na farko kuwa takwas ɗin nan suna nan suna yawonsu.

Dogo ya leƙa wannan baho, ya leƙa wancan, ya cire takunkumi ya sosa ƙeya.

"Malam," in ji Hajiya, "waɗannan daga ina?"

"Daga wani gida, ranki ya daɗe. Gidan da ba a taɓa yi wa feshi ba."

"Wane gida ne?"

"Wani gida ne dai."

"A'a," in ji Dogo, ya samu inda zai kama. "A faɗi gidan. Duk unguwar nan kai ke fesawa, kai da bakinka kake faɗa. Wa ya sani ko ka shaƙa musu wani abu tun a hanya? A faɗi gidan mu je mu kamo wasu da hannunmu."

Malam Feshi ya dubi jan rubutun da ke jikin akwatinsa. Ya ga dai babu hanya. Ko ya riƙe wannan, ko ya riƙe gaskiyarsa, biyun ba za su shiga hannu ɗaya ba.

"Gidana ne," ya ce.

"Na'am?"

"Gidana ne, Hajiya. Kicin ɗina. Matata ce ta kama shida, ni na kama huɗu, ga shaida a goshina. Dogo yana iya zuwa yanzu, akwai saura da yawa."

Mai naɗe burodin ce ta fara dariya. Ta toshe baki da gyale amma abin ya fi ƙarfinta. Daga nan kowa ya ɓarke. Direban mota ya riƙe ciki ya jingina da bango, wani yana nuna akwatin yana karantawa da ƙarfi, "In na shiga, su fita." Hajiya kanta ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Malam Feshi ya ji kunya har cikin tafin ƙafarsa. Ya tsaya ya bar su suka gama.

"Haba Malam," in ji Hajiya tana share ido. "Kai da kanka? Rowa ce ko lalaci?"

"Ko ɗaya, ranki ya daɗe. Matata ce ke da ciwon ƙirji. A gidanmu na haya na da, na taɓa yin feshi sau ɗaya. Na bi duk ƙa'ida, na buɗe tagogi, amma da ta shigo numfashi ya sarƙe mata. Kwana uku muka yi a asibiti ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ita har yau cewa take yi sanyi ne ya kama ta, kullum tana yi mini gori in fesa. Ni kuwa tsoro nake ji. Tun ranar ko tankin ba ya shiga gidana."

Dariyar ta lafa. Hajiya ta gyara mayafi, ta dube shi wani irin kallo dabam.

"To yanzu yi mini bayani," ta ce. "Me ya sa naka suka mutu, nawa suka ƙi?"

Ya so ya maimaita maganar Yaya yadda ta faɗa, amma ta tsere masa. Idonsa ya faɗa kan rariyar da ke kan baho.

"Dogo, in ka tankaɗe fulawa, me ke wucewa?"

"Mai laushi."

"Me ke ragewa a sama?"

"Tsaki."

"To ka ɗauka tsakin nan yana haihuwa. Duk wata ka tankaɗe, ka zubar da mai laushi, ka bar tsaki ya hayayyafa. Shekara goma sha huɗu. Me zai cika buhunka?"

Dogo ya dubi takwas ɗin nan. "Tsaki zalla."

"Ni ne rariyar. Tun asali akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya kamawa, haka aka halicce su. Na kashe musu 'yan'uwa, su suka haihu, 'ya'yansu suka gado su. Da na riƙa sauya magani da ba a kai nan ba. Amma na ga wannan yana ci, na riƙe shi kamar ɗan'uwa. Wannan kuskurena ne, na ɗauka. Ha'inci kuwa ban taɓa yi miki ba."

"Wato kai ka kiwata mana su," in ji Dogo.

"Mu biyu. Ni na tace, kai ka ciyar. Zo ka gani."

Ya ja su ciki. Ya nuna famfon da ke ɗiga a bayan injin kwaɓi, wanda aka ɗaure da leda tun bara. Ya nuna tsagar bango a bayan tanda, mai ɗumi kamar ɗakin jego. Ya sa aka ja kabad, ga ɓarɓashin burodi ya yi tudu. Buhunan fulawa kuwa a ƙasa suke, manne da bango. Hajiya kuwa Dogo kawai take kallo, shi kuma tsawonsa na raguwa.

"A gyara famfo yau," in ji Malam Feshi. "A toshe tsagar nan da siminti, a ɗora buhuna a kan katako, a share bayan kabad kowace rana. Ni kuma zan kawo wani magani dabam, na ci ba na fesawa ba, in ɗiga a lunguna. Bayan 'yan watanni in sake sauyawa, kafin su sake tace kansu. Yunwa da ƙishirwa dai ban ga wanda ya gaji maganinsu ba."

"Zai yiwu kafin duba-gari su dawo?"

"In Dogo ya riƙe tsintsiya, zai yiwu."

"Zai riƙe," in ji Hajiya. Ta juya ga ma'aikatanta. "Jiya an faɗi magana a kan bawan Allah nan a gabanku, ni kuma na yi shiru. To a gabanku nake cewa ba haka ba ne. Malam, ka yi haƙuri. Gobe da safe muna jiranka."

Malam Feshi ya gyaɗa kai. Daɗi ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Ya koma baya don ya kwashe kayansa. Ya gama da takwas ɗin da ruwan zafi, ya zo zai juye baho na biyu, sai ya ga motsi. Tara suna kwance. Ɗaya kuwa ta mirgina ta tashi, tana jan ƙafa, tana goge gashin baki. Ya daɗe a tsugune yana kallonta. Sannan ya wanke kwalbar, ya tura ta ciki da kwali, don Yaya ta gani.

Da ya fito ya tarar da burodi biyu masu zafi a kan kujerar babur, Dogo na tsaye nesa yana kallon sama.

"A kai wa Maman yara," in ji Dogo. "A ce ina gaishe ta da aiki."

A ƙarƙashin jan rubutun akwatin kuma wani ya sa alli ya ƙara kalma biyu: BAN DA GIDANA. Malam Feshi ya ɗaga hannun riga zai goge, sai ya fasa. Ya tayar da babur ya bi ta tsakiyar layin da shi haka, yana ɗaga wa tela da mai otal hannu.

Ya ajiye tanki a shago, ya wanke hannu da fuska da sabulu kamar kullum, ya iso gida ana kiran azahar. Matan biyu suna tsakar gida a inuwa. Tun daga yadda ya yi sallama suka gane.

"Shaidu sun yi magana?" Yaya ta tambaya.

"Sun yi, Allah ya jiƙansu." Ya miƙa wa Amarya burodin. "Sai dai yanzu duk layin sun san abin da ke kicin ɗinki."

"Ka faɗa?"

"Na faɗa. Har dalili."

Amarya ta sunkuyar da kai tana gyara ledar burodi, ledar da ba ta bukatar gyara. "Sanyi ne ya kama ni," ta ce, amma a hankali, kuma tana murmushi.

Ya fito da kwalbar ya ajiye a gaban Yaya. Wadda ke ciki ta warware sarai, tana hawa gilashi tana zamewa.

"Goma aka fesa wa, tara suka tafi."

Yaya ta ɗaga kwalbar zuwa haske, fuskarta ta cika da irin farin cikin da take yi da in ɗalibi ya ci jarrabawa. "Ka gan ta? Da irin wannan aka fara a gidan burodi. Da kana feshi a gidan nan, ita ce za ta zama kakar kowa."

"Kawo ta nan," in ji Amarya, tana zare silifa daga ƙafa. "Wannan maganin dai babu mai gadonsa."

Ta buɗe murfi, ta juye a siminti, silifa a sama. Ta sauke da ƙarfin da ya sa kaji suka watse. Ta ɗaga. Babu komai a ƙasa. Can suka hango ta ta bi gefen bango, ta shige ƙarƙashin ƙofar kicin.

"Kun gani ko?" Amarya ta ce cikin takaici. "Wallahi da ba haka suke ba."

Yaya ta ajiye tabarau a cinya, ta fara dariya marar sauti. Malam Feshi ya dubi yayarsa, ya dubi silifar, sai abin ya faɗo masa.

"Amarya," ya ce, karo na farko da ya ari sunan daga bakin Yaya, "shekara goma sha shida kina duka. Wanne kike samu?"

"Wanda ya tsaya nawa mana."

"Wanne ke tsira ya je ya haihu?"

Ta dubi ƙofar kicin. Ta juya silifar a hannunta, ta dubi ƙasanta da ya suɗe.

"Yaya, haka ne?"

"Ban auna ba," in ji Yaya tana share hawaye. "Amma da ɗalibata ce ke, da na ba ki maki."

Amarya ta saki silifar ƙasa, ta zura ƙafa a ciki.

"Akwai ragowar siminti a bayan ƙofa," ta ce wa mijinta. "Ka ci abinci ka zo ka toshe ramukan nan. Kuma wannan maganar, Baban yara, kada in ji ta a gidan burodi."